Muhawara: A Ina Magana Take Cika, a Bakin Mai Faɗa ko a Kunnen Mai Ji?

Ɗalibar Aikin Jarida:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai na wannan zaure. Ina neman ƙarin haske a kan wani darasi da muke yi a wannan zangon karatu, wato yadda sadarwar baka take gudana da ginshiƙan da take tsaye a kansu. An lissafa mana su kamar haka: mai magana, saƙo, hanyar da saƙon yake bi, mai sauraro, martani, cikas, da kuma yanayin da ake maganar a cikinsa. Haddace su bai yi mini wuya ba, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. A zanen da ke cikin takardunmu, kibiya ce take tashi daga mai magana ta nufi mai sauraro, kamar dai aiki ya ƙare da zarar sauti ya shiga kunne. To, idan mutum ya yi magana sarai, aka ji kowace kalma tasa, amma mai sauraro ya tashi da wata fahimta dabam da wadda aka nufa, shin za a ce an yi sadarwa ko ba a yi ba? Idan kuma ba a yi ba, a wuyan wa alhakin yake?

Malamin Sadarwa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ta taɓa wurin da masana suka daɗe suna ja-in-ja a kansa, kuma sanin asalin wannan zane zai warware miki rabin matsalar. Mutumin da ya fara zana shi, Claude Shannon, injiniya ne kuma masanin lissafi a ɗakunan bincike na kamfanin wayar tarho na Bell a Amurka, kuma a 1948 ya wallafa aikin. Damuwarsa ita ce yadda za a tura sigina ta cikin waya ta isa ɗaya ɓangaren ba tare da ta lalace ba, kuma shi da kansa ya faɗa cewa ma'anar saƙo ba ta cikin matsalar da yake ƙoƙarin warwarewa. A 1949 aka sake buga aikin tare da sharhin Warren Weaver, daga nan malaman sadarwa suka ɗauki zanen suka ɗora shi a kan maganar ɗan Adam. Ke nan kibiyar da kike gani an yi ta ne domin wayar tarho, shi ya sa take nuna tafiyar sauti amma ba ta nuna tafiyar fahimta.

Waɗanda suka biyo baya sun lura da wannan giɓi. Wilbur Schramm a 1954 ya kawo batun cewa kowane ɗaya daga cikin masu magana yana da tarin abin da ya sani da abin da ya taɓa gani a rayuwa, kuma saƙo yana samun gindin zama ne kawai a wurin da sanin mutum biyun ya haɗu. Ya kuma mayar da zanen ya zama da'ira, domin mai sauraro shi ma yana mayar da saƙo. A 1970 Dean Barnlund ya ƙara gaba, ya ce mutum biyun suna aikawa suna karɓa ne a lokaci guda, ba wai ɗaya ya gama sannan ɗaya ya fara ba. Amsata a gare ki ita ce, idan an ji kalmomi amma aka fahimci wani abu dabam, sauti ya isa amma saƙo bai isa ba. Alhakin kuwa na mutum biyun ne, domin ma'ana ba a cikin kalmomi kaɗai take ba, su biyun ne suke gina ta tare.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Malam, Allah ya ƙara sani. Na yarda da tarihin da ka kawo, amma ban yarda da raba alhakin gida biyu ba. A aikin da na yi rayuwata a cikinsa, abu na farko da ake cusa wa sabon mai gabatarwa shi ne cewa idan mai sauraro bai gane ba, laifinka ne kai da ka buɗe baki. Mai karanta jarida yana iya komawa layin da ya wuce ya sake dubawa, amma mai sauraron labarai ba shi da wannan dama, maganar ta wuce ke nan. Saboda haka ake rubuta labarin rediyo da gajerun jimloli, ake sa muhimmin abu a gaba, ake maimaita sunan gari ko na mutum maimakon a yi ta cewa shi ko ita, ake kuma taƙaita dogayen alƙaluma yadda kunne zai iya riƙewa. Tun 1957 da sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, da sauran gidajen da suka biyo baya, manomi yana gona da rediyonsa a rataye yana fahimtar abin da ke faruwa a duniya, alhali bai taɓa mayar wa mai karanta labaran martani ko sau ɗaya ba. Wannan ai sadarwar baka ce cikakkiya, kuma mai magana ne ya ɗauki nauyinta gaba ɗaya. Ina tsoron idan muka koya wa ɗalibai cewa alhaki na kowa ne, za su sami mafakar da za su riƙa fakewa a duk lokacin da suka yi magana a dagule.

Malamin Sadarwa:
Alhaji, tsoron da ka bayyana yana da tushe, kuma a matsayin ƙa'idar tarbiyyar ma'aikaci ba ni da ja a kanta. Sai dai ka duba abin da ka lissafa da kyau. Gajerun jimloli, maimaita suna, taƙaita alƙaluma, duk waɗannan dabaru ne na cike gurbin martanin da ba ka samu. Da a ce manomin yana zaune a gabanka, da ka ga ya yamutsa fuska sai ka tsaya ka sake bayani, ba sai ka tsara komai tun daga farko ba. Wato kana hasashen martaninsa ne tun kafin ka buɗe makirufo. Kuma ai gidajen rediyo ba su taɓa haƙura da rashin martanin ba, shi ya sa aka yi shirye-shiryen amsa wasiƙun masu sauraro, daga baya aka buɗe layukan waya kai tsaye. Abin da nake so ɗalibarmu ta riƙe shi ne cewa rediyo reshe ne na musamman, amma uwar sadarwar baka ita ce magana ta gaba da gaba, inda martani yake zuwa nan take.

Akwai binciken da ya nuna saurin wannan martani. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta suka auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hirar yau da kullum cikin harsuna 10 daga sassan duniya daban-daban, suka tarar matsakaiciyar tazarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ce, duk da cewa Japanawa sun fi sauri, mutanen Denmark kuma sun fi jinkiri. Alhali ƙwaƙwalwa tana buƙatar fiye da rabin daƙiƙa kafin ta shirya ko da kalma ɗaya a furta. Ma'anar wannan ita ce mai sauraro yana shirya amsarsa ne tun mai magana bai rufe baki ba, yana hasashen inda jimlar za ta ƙare. Wanda yake yin wannan aiki ba za a ce yana zaune ne kawai ana zuba masa magana ba.

Malamin Islamiyya:
Bismillahir Rahmanir Rahim. Ina so in tunatar da zauren cewa wannan bahasi ya girmi 1948 nesa ba kusa ba, kuma malaman balaga, wato ilimin fasahar magana a Larabci, sun yi masa hidima mai yawa. Da suka zo bayyana mece ce balaga, cewa suka yi ita ce magana ta dace da abin da hali yake bukata, tare da kasancewarta fasihiya. Ku lura da yadda suka sa yanayi da mai sauraro a cikin ma'anar tun daga tushe. A wurinsu, wanda ya riga ya yarda da labari ba a yi masa rantsuwa, wanda yake kokwanto ana ƙarfafa masa magana kaɗan, wanda yake musu kuwa sai an ninka masa ƙarfafawa. Jimla ɗaya ce, amma siffarta tana canzawa gwargwadon halin wanda ake faɗa wa.

A cikin Alƙur'ani, a Suratu Ibrahim aya ta 4, Allah Maɗaukaki ya ce bai aiko wani manzo ba face da harshen mutanensa domin ya bayyana musu. A Suratu Ɗaha kuma, lokacin da aka umarci Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya tafi wurin Fir'auna, ya roƙi a warware masa ƙullin da ke harshensa, kuma ya faɗi dalili, wato domin su fahimci maganarsa. Manufar ita ce fahimta, ba furuci kawai ba. Haka nan Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya faɗi magana yakan maimaita ta sau uku domin a fahimce ta. Wannan yana ƙarfafa ɓangaren Alhaji na cewa mai magana yana da nauyi babba. Amma kuma manzanni sun isar da saƙo a bayyane, wasu mutane suka toshe kunnuwansu da gangan, kamar yadda aka ba da labarin mutanen Annabi Nuhu, kuma ba wanda zai ce gazawar daga mai isarwa take. Saboda haka akwai cikas ɗin da yake zaune a zuciyar mai sauraro, wanda fasahar mai magana ba ta isa ta kawar da shi ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Salamu alaikum. Ni ba malamar sadarwa ba ce, amma kullum aikina a kan wannan matsala yake, kuma ina ganin akwai abin da malamai ba su taɓo ba tukuna. Ana ta cewa martani shi ne yake tabbatar da an fahimta, to amma martanin shi kansa yana iya yaudarar mai magana. Uwa za ta kawo yaro da zazzaɓi, a rubuta masa magani, in yi mata bayani cewa za a ba shi safe da yamma har kwana uku, kuma ko ya warware kada a daina sai ya ƙare. Tana kallon ƙasa tana cewa to, to, Allah ya saka da alheri. Idan na tambaye ta ko ta gane, za ta ce ta gane. Bayan mako biyu sai ga ta ta dawo da yaron jiki ya rikice, in bincika in tarar ta daina ba shi tun rana ta biyu da ta ga ya tashi yana wasa, ta adana sauran saboda gaba. Wannan baiwar Allah ba ƙarya ta yi mini ba. A tarbiyyar da ta tashi a ciki, ba a ce wa babba ko mai ilimi ban gane ba, kuma amsawar da ta yi girmamawa ce, ba shaidar fahimta ba. Ga kuma hankalinta rabi yana kan yaron da ke kuka a bayanta, rabi yana kan kuɗin maganin.

Ba a nan kaɗai abin yake ba. Wani nazari da Roy Kessels ya wallafa a 2003 ya nuna cewa marasa lafiya suna manta kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na bayanin da ma'aikacin lafiya ya yi musu nan take, kuma cikin abin da suka riƙe ma akwai kuskure mai yawa. Dabarar da muke bi yanzu ita ce mu daina tambayar ko an gane. Sai in ce mata, Hajiya, idan kin koma gida maigida ya tambaye ki yadda za a ba yaron nan magani, me za ki gaya masa? A nan ne gaskiyar abin da ya shiga take fitowa, kuma ba ta ji kunya ba tunda ban nuna ina jarraba ta ba. Don haka ina roƙon a gaya wa ɗalibai cewa martani iri biyu ne, akwai na ladabi akwai na fahimta, kuma aikin mai magana ne ya san yadda zai nemo na biyun.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Malama, kin ga ai kin dawo kan maganata. Ke ce kika canza salon tambaya, ba ita ba. Nauyin dai ya koma kan mai magana.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ranka ya daɗe, a wannan zama ni ce mai ƙarfi, ni ce na san maganin, ni ce kuma ake jin nauyina, shi ya sa gyaran ya zama nawa. Amma idan likita ne yake ba ni umarni a baki lokacin da ake gaggawa, ni ce mai sauraro, kuma wajibina ne in maimaita masa sunan maganin da adadinsa da babbar murya kafin in ɗura a sirinji. Idan na yi shiru na yi abin da nake zaton na ji, ba zan ce laifinsa ne shi kaɗai ba. A ganina nauyin yana bin wanda ya fi samun damar gano kuskure ne, wani lokaci mai magana, wani lokaci mai sauraro.

Malamin Sadarwa:
Wannan maimaitawa da Malama ta ambata tana da tarihi mai ɗaci a harkar sufurin jiragen sama, kuma misalin ya tattara kusan dukkan ginshiƙan da ɗalibarmu ta lissafa. Ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, mutum 583 suka rasu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai shi yawan asarar rayuka ba. An karkato jiragen ne zuwa wannan ƙaramin fili saboda fashewar bam a filin da suka nufa, sai hazo ya rufe wurin har hasumiyar kula da tashi da saukar jirage ba ta ganin jiragen, su ma ba sa ganin juna. Ido ya fita daga lissafi, murya ta rediyo kaɗai ta rage.

Hasumiya ta ba jirgin KLM bayanin hanyar da zai bi bayan ya tashi, kyaftin ɗin ya ɗauka izinin tashi ne. Mataimakinsa ya maimaita bayanin, ya rufe da wata jimla mai harshen damo wadda za a iya fahimta da cewa suna wurin tashi ko kuma sun fara tashi. Mai kula da hasumiya ya amsa da kalmar amincewa, sannan ya ƙara da cewa su dakata zai kira su. A daidai wannan lokaci matuƙan Pan Am suka yi magana suna sanar da cewa har yanzu suna kan titin, muryoyin biyu suka haɗu a kan mitar rediyo ɗaya suka zama ƙara, matuƙan KLM ba su ji komai sarai ba sai kalmar amincewar. Injiniyan jirgin ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, maganar ta tsaya a nan. Ku duba: akwai cikas na na'ura, akwai cikas na kalma mai ma'ana biyu, akwai gaggawar da ke zuciyar kyaftin, akwai kuma nauyin da na ƙasa yake ji na ja da na sama, wanda shi ne ainihin abin da Malama ta gani a wurin uwar yaro. Bayan haɗarin aka tsaurara ƙa'idar kalmomin da ake amfani da su, har aka keɓe kalmar tashi ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, aka kuma shiga horar da ma'aikatan jirgi yadda ƙarami zai iya tsayar da babba idan ya ga kuskure.

Tafintan Kotu:
Ina gaida malamai. Zanen da ake magana a kai mutum biyu yake nunawa, amma a rayuwarmu sau da yawa magana tana bi ta bakin mutum na uku ne, kuma ni aikina ke nan. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a sanar da shi tuhumar cikin harshen da yake ji, da haƙƙin samun tafinta kyauta idan bai jin harshen da ake shari'ar da shi. A takarda, tafinta hanya ce kawai da saƙo yake bi. A aikace kuwa ni mai sauraro ne sannan mai magana, kuma sai na fahimta kafin in isar. Mai ba da shaida zai ce abin ya faru bayan la'asar sakaliya, lauya yana son a faɗa masa ƙarfe nawa. Zai ce ɗan'uwana ne, lauya yana son ya san ko uwa ɗaya uba ɗaya ne ko kuwa ɗan garinsu ne kawai. Dattijuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba saboda alkunya, sai a ga kamar ɓoye wani abu take yi. Ƙa'idar aikina ta hana ni ƙari ko ragi, saboda haka abin da ya dace shi ne in sanar da alƙali cewa maganar tana ɗaukar fuska biyu, in nemi izini a sake tambaya.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Sarki yana magana a hankali fadawa suna ɗaga ta, sankira yana shela a madadin masu biki, a masallacin Juma'a ladan yana isar da kabbarar liman ga sahun baya, kuma 'yan'uwanmu da ke zaune a Kumasi sun san yadda sarakunan Ashanti suke magana ta bakin kakakinsu mai riƙe da sanda. Ina ganin ya kamata a koya wa ɗalibai cewa hanyar saƙo tana iya zama mutum mai tunani da son rai da mantuwa, kuma duk bakin da magana ta ratsa akwai yiwuwar ta sauya.

Malamin Islamiyya:
Wannan batu na mutum na uku shi ne dalilin da ya sa malaman hadisi suka kafa ilimin isnadi, wato binciken jerin mutanen da hadisi ya ratso ta bakinsu. Ba su tsaya ga gaskiyar mai ruwaya kaɗai ba, sai da suka binciki ƙarfin haddarsa, da ko ya haɗu da wanda yake cewa ya ji daga gare shi, har suka bambanta tsakanin wanda ya ce na ji da wanda ya ce daga wane. Mutum yana iya zama mai gaskiya amma riƙonsa ya yi rauni, kuma sun ɗauki wannan a matsayin illa ga ruwaya.

Ɗalibar Aikin Jarida:
Na gode ƙwarai, iyayena, na ƙaru fiye da yadda na zata. Akwai sauran abu biyu da nake so ku duba mini. Na farko, an taɓa gaya mana a wani taron horarwa cewa kalmomi kashi 7 cikin ɗari ne kawai na saƙo, murya kashi 38, fuska da motsin jiki kuma kashi 55. Idan haka ne, me ya sa haɗarin da Malam ya ba da labari ya rataya a kan kalma ɗaya? Na biyu, saƙon murya da muke turawa ta WhatsApp, wanda yanzu iyayenmu da ba su yi karatun boko ba suka fi amfani da shi, shin sadarwar baka ce ko kuwa ya fi kusa da wasiƙa?

Malamin Sadarwa:
Waɗannan alƙaluma suna da asali, amma an ɗora musu kayan da ba nasu ba. Daga gwaje-gwajen da Albert Mehrabian da abokan aikinsa suka wallafa a 1967 suka fito, kuma gwajin ƙarami ne ƙwarai: ana furta kalma ɗaya tak da muryoyi daban-daban, ko a haɗa ta da hoton fuska, sannan a tambayi mutane ko mai maganar yana nuna so ne ko ƙi. Sakamakon ya shafi yanayin da kalma take faɗin wani abu murya ko fuska kuma suna nuna akasinsa, a kan abin da ya shafi ji na zuciya kawai. Mehrabian da kansa ya yi gargaɗin kada a yi amfani da lissafin a wajen wannan iyaka. Gaskiyar da ke ciki ita ce wadda Bahaushe ya riga ya sani da ya ce labarin zuciya a tambayi fuska: wanda ya ce miki ba komai yana ɗaure da fuska, fuskar za ki gaskata. Amma adadin maganin da za a ba yaro, ko izinin tashin jirgi, ko ranar da za a dawo kotu, babu motsin jikin da zai isar da su, kalma ce kaɗai.

Game da saƙon murya, ina ganin yana tsakiya ne. Ya riƙe murya da karinta da gaisuwa da duk abin da ke nuna halin mai magana, kuma ga harshe irin namu da hawa da saukar murya da tsawon wasali suke bambanta ma'ana alhali rubutunmu na yau da kullum bai nuna su, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Amma ya rasa martanin nan take, domin mai magana yana iya yin minti biyar yana bayani a kan kuskuren fahimtar da na'am ɗaya ko tambaya ɗaya za ta gyara tun a daƙiƙar farko. Ya kuma rasa wata siffa ta maganar baka, wato gushewa, tunda ana adana shi, a sake saurare, a tura wa wanda ba da shi aka yi maganar ba.

Tafintan Kotu:
Wannan na ƙarshe shi ne ya fi damuna. An ce magana zarar bunu ce, amma a da iyakarta waɗanda suke wurin, kuma sun san abin da aka faɗa kafinta da wanda aka faɗa wa. Yanzu ana yanko rabin minti daga tsakiyar hira a watsa, mai sauraro na goma bai san tambayar da aka amsa ba, bai san ko wasa ne tsakanin abokan wasa ko taubasai ba, sai ya yanke hukunci a kan sautin da ya ji. A lissafin da aka ba ɗalibarmu yanayi ne ya zo a ƙarshe, ni kuwa da za a bi ta tawa da an matso da shi gaba, domin irin waɗannan saƙonni sun fara isowa gaban alƙalai, kuma tambayar farko da ake yi ita ce wa aka faɗa wa, yaushe, kuma me ya gabace ta.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Na saurari kowa, kuma maganar Malama ta cewa nauyi yana bin wanda ya fi damar gano kuskure ta shige ni. Duk da haka ina nan a kan bakana game da abin da za a koya wa mai shirin zama ɗan jarida. 'Yata, aikin da kike shirin shiga mafi yawansa magana ce da mutanen da ba za ki ga fuskarsu ba, ba su kuma da hanyar tsayar da ke su ce ki maimaita. Idan kin rubuta rahoto, ki karanta shi da babbar murya kafin ki shiga ɗakin watsa shiri, duk jimlar da numfashinki ya yanke kafin ki kai ƙarshenta ki raba ta biyu. Idan kuma hira kika je yi, kada ki riƙa duba tambaya ta gaba a takarda alhali baƙonki yana magana, domin sau da yawa tambayar da ta fi muhimmanci tana cikin amsar da yake bayarwa ne. Idan ya faɗi adadi ko suna ko kwanan wata, ki maimaita masa a gaban makirufo ya tabbatar kafin ku wuce.